Jan Fenti a Ƙofar Hajja Kaltume

Jiya da la'asar sama ta yi ja ta wajen gabas, iska ta taso tana wurgi da ledoji a kan gidajen Umdurman. Matata na cikin kwashe shanya, ni kuma na tsinci kaina a durƙushe a gindin katangarmu ina danna ta da babban yatsa. Ta leƙo ta ce, "Ka fara ko?" Na fara kuwa. Wannan ɗabi'a ta fi shekara ashirin a jikina, kuma na san ranar da na ɗauke ta.

A wancan lokacin ni kamsari ne a tashar Suk al-Shabi, wato mai kiran fasinja a bakin ƙofar mota. Kakannina sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka iso bakin Nilu suka sauke kaya, har yau muna nan. Gadon da suka bar mini harshe ne da maƙogwaro. Idan na rataya a ƙofar mota na ce "Umdurman, Umdurman!" mai shayin da ke can ƙarshen tasha sai ta ɗago kai. Sunana Yakubu, amma a tasha ba wanda ya san wannan. Lasifika ake ce mini, kuma ba na ɓoyewa, sunan yana yi mini daɗi.

Daminar shekarar ta zo da wani irin zafi mai danshi. Kwana uku iska ba ta motsa ganye ba. Riga tana manne wa mutum a baya tun hantsi, ruwan randa kansa ya ƙi yin sanyi. A rana ta huɗu guguwa ta sauko. Na ga kwanon rufi yana tafiya a sama kamar takarda, na ga allon wani shago ya tsallake titi shi kaɗai. Bayan iskar sai ruwa, irin wanda garin nan bai saba da shi ba, domin gidajenmu saboda rana aka gina su. Ƙasa ce aka ɗora kan ƙasa, aka shafe ta, aka rufa da itace da tabarma. Ruwan sama kaɗai ma ya isa, sai ga na tudu ya gangaro daga yamma ta tsohon kwarin da mutane suka daɗe da mantawa kwari ne, suka cika shi da gidaje.

Washegari babu motar da ta tashi. Na taka zuwa masallacin unguwa na tarar ana haɗa gayya, abin da Larabawan nan ke kira nafir. An kasa mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da layukansa. Namu mu goma sha biyu ne, kuma mace ce shugabarmu, Sista Amna, ma'aikaciyar jinya, gajera mai ƙaramar murya wadda ba ta maimaita magana. Akwai kuma Malam Sani, ɗalibi daga Maraɗi da ya zo karatun fiƙihu a Khartoum, siriri kamar sandar rake, ba ya rabuwa da tsokana. Ya dubi ruwan da ya cika layi ya ce, "Wannan ne ya rushe muku gari? A wurinmu da irinsa ake shuka gero." Na ce masa ya shiga ya shuka mu gani.

Kayan aikinmu ba su da yawa: shebur huɗu, igiya, buhunan da muka roƙo a wurin masu gawayi, takalmin roba ƙafa ɗaya da muka bar wa Sista, da gwangwanin jan fenti. Tsarin aikin kuwa ita ta shimfiɗa shi. A fara fitar da mutane zuwa makarantar firamare da ke kan tudu. Tsofaffi da marasa lafiya a ɗauke su a kan angarib, gadon igiyar nan da babu gidan da ba shi. Duk gidan da aka tabbatar babu kowa, a zana masa jan zobe a ƙofa don masu zuwa a baya kada su ɓata lokaci. Bayan haka masu haƙa za su karkatar da ruwan ta layin da duk ƙofofinsa ke da zobe, tunda can babu ran da za a ji wa tsoro.

Wa zai yi kira a ƙofofi? Ba a ma yi shawara ba, duk suka juyo suka dube ni. Malam Sani ya ce neman izini sau uku ne, idan ba a amsa ba sai mutum ya juya. Na karɓi gwangwani da buroshi, na shiga ruwa har gwiwa.

Na yi aikin nan da kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Na tayar da wani kurma da maƙwabtansa suka ce ko aradu ba ta tayar da shi. Na fito da mace mai jego daga ɗakin da rufinsa ya riga ya lanƙwasa. Kafin rana ta take mun gama layi uku. Ina zuwa ƙofa sai in buɗe baki, "Salamu alaikum! Ya nas al-bet! Masu gida!" Sau uku a jere, in na ji shiru in zana zobe in wuce. Ina sauri, ina jin daɗin saurin, har ina ƙirga ƙofofi ina gaya wa Malam Sani.

A tsakiyar layi na huɗu akwai wani ɗaki guda tsaye shi kaɗai. Guguwa ta kwashe shingen zanarsa da rumfarsa, ya rage shi da shuɗiyar ƙofar ƙarfe. A gefensa an jingine wasu dogayen sanduna da naɗaɗɗen tanti. Na gan su da idona. Na kira sau uku, na zana zobe, na wuce. Kafin azahar layin gaba ɗaya ya yi ja, masu haƙa suka fasa masa ruwa.

Abincin rana a makaranta muka ci, idan za a kira shi abinci. Gidajen burodi duk ruwa ya kashe musu wuta, sai romon adas, ƙananan waken nan, tsararo da busasshen burodin jiya, mutum biyar a kwano. Rana ta fito da ƙarfi, ƙasa tana tururi, warin masai da suka rushe ya cika iska, ƙudaje kuwa sai ka kare loma da hannu kafin ta kai baki. Ina cikin ba mutane labarin kurman nan suna dariya, sai wata mata ta shigo jiƙe har ƙugu tana leƙa azuzuwa. Batul ce, mai sayar da kisra, siririyar gurasar dawa, a unguwar. Guguwa ta ritsa da ita a unguwar Alsahafa, can ƙetaren kogi, wurin 'yarta, sai yanzu ta samu ta haye.

Ta ce, "Ina kuka sa Hajja Kaltume?"

Sista Amna ta ce, "Wace ce?"

"Matar Baba Haruna mai agashe. Maƙwabciyata. Mai shuɗiyar ƙofa."

Na san Baba Haruna. Duk wanda ya yi aiki a tasha ya ci tsirensa, kuma na ji labarin rasuwarsa watanni baya, sai dai ban taɓa sanin gidansa ba. Na kira ta Hala, wato Inna, na ce, "Kwantar da hankalinki, babu kowa a ɗakin nan. Ni na kira da kaina, har sau uku."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ka kira? Da wannan muryar? Ya zol, bawan Allah, matar tana cikin habis! Ko ɗakin na ci da wuta ba za ta amsa wa baƙon namiji ba."

Habis shi ne takaba a bakin mutanen nan, kuma tsofaffinmu sun riƙe ta da tsanani. Mace za ta sa farin ƙyalle mara ɗinkin ado, ta sauka daga gado ta koma tabarma, ba ta leƙa waje, ba ta haɗa murya da namijin da ba muharraminta ba. Na san wannan sarai, kakata ta yi shi a gabana. A take komai ya dawo mini. Sandunan nan na tantin zaman makoki ne. Kuma duk ƙofar da na shafa wa fenti a ranar tana da kwaɗo a waje, don ba wanda ke gudu ya bar gidansa a buɗe. Shuɗiyar ce kaɗai ba ta da shi, domin ta ciki aka sa mata sakata. Tsoro ya kama ni, kunya ta fi tsoron. Da hannuna na rubuta cewa babu kowa, kuma saboda rubutuna aka tura mata ruwa.

Ban san lokacin da na ajiye kwanon ba. Daga bakin makaranta na kwarara wa masu haƙa ihu su toshe, suka ji ni daga nisan da ba wanda zai yarda idan na faɗa. Muka tarar da layin ya koma rafi, ruwa ya haura gwiwa yana gudu. Maza suka shiga jera buhunan ƙasa a bakin inda aka fasa. Ni na nufi ɗakin, na durƙusa na danna gindin bangon. Yatsana ya shige har gaɓa ta biyu kamar cikin tuwo mai zafi. A saman ƙofa tsaga ta riga ta buɗe.

Sista Amna ta riƙe mini hannu ta ce, "Daga nan kai ka yi shiru."

Batul ta ƙwanƙwasa a hankali. "Hajja, ni ce." Sai muka ji sakata ta motsa. Matan biyu suka shiga, mu maza muka koma gefe muka ba ƙofar baya. Daga baya Batul ta gaya mini yadda suka same ta: a zaune kan turmi da ta kifa, ruwa a ƙwaurinta, ta naɗe tabarmarta ta ɗora a kai, a hannunta kuma igiyar da take ƙulla wa kwanakin takaba.

Ta ƙi fita. Malam Sani ya gyara murya ya fuskanci sama, ya yi magana kamar da Batul yake. "Hala Batul, ki gaya wa Hajja malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba. Idan gida zai faɗi, mai takaba ta fita, babu laifi a kanta ko kaɗan."

Aka yi ƙus-ƙus a ciki. Batul ta ce, "Ta ce malamin ɗan wane gari ne?"

"Maraɗi."

"Ta ce idan ya koma ya gaishe su."

Duk da halin da ake ciki sai da wani ya tuntsire da dariya. Sista ta ce a kawo angarib, a lulluɓe ta a ɗauke ta, ba wanda zai ga ko yatsanta. Wannan karon muryar tsohuwar ta ɗan ɗaga har muka ji, ko da yake da Batul take. "Abu na ƙarshe da ya fita ta ƙofar nan a kan angarib shi ne Haruna. Ku bari ranata ta zo tukuna."

Laka ta ɓanɓaro daga bango ta faɗa ruwa kusa da ƙafata. Ina jin maganganu cike da bakina, ga shi an hana ni, kuma na san duk wadda na furta sai ta ƙara rufe ta. Ban taɓa jin muryata ta zame mini kaya ba sai ranar.

Batul ta roƙe ta har da kuka. Can sai tsohuwar ta faɗi abin da ke ranta. "Shekara arba'in muna tare, ban haifa masa ko ɗaya ba, bai taɓa nuna mini a fuska ba. Ƙofar nan a kansa ya ɗauko ta daga kasuwa, ya ce muddin ina bayanta babu abin da zai same ni. Ba ni da abin da zan ba shi sai wata huɗu da kwana goma a bayan ƙofarsa. Saura kwana sha tara. Ba zan rage masa ba."

Na saci kallon ƙofar ta gefen ido. Irin ta maƙeran Umdurman ce, wadda ake ratayawa a kan ƙusoshi biyu. Idan ka ɗaga ta sama, fita take yi. Na yafito Sista, na sunkuya na yi mata raɗa, abin da ban tuna na taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce ba ɗakin ta ambata ba, ƙofar ta ambata, kuma ƙofa ana iya tafiya da ita. Sista ta koma ciki.

Sannan Batul ta leƙo. "Ta ce a tsaye za a ɗauke ta. Kada a kwantar da ita."

Ni da Malam Sani muka ɗaga ƙofar daga ƙusoshinta muna addu'ar kada bangon ya biyo ta. Muka juya mata baya, kowa ya miƙa hannu ta bayansa ya riƙe gefe ɗaya. Mata huɗu suka warware tob ɗinsu, dogon mayafin da matan nan ke naɗawa a sama, suka ja shi dama da hagu da baya, Hajja Kaltume ta shiga tsakiya da tabarmarta a kai. Amma layin cike yake da maza, wasu da shebur, wasu a kan rufi suna ceton katako. Sista ta ce mini, "Yalla, yanzu ka yi."

Na cika ƙirji na ce, "Ya jama'a! Mai takaba za ta wuce! Maza, a juya baya!" Na maimaita da Larabci. Wallahi har yau idan na rufe ido ina ganinsu. Tun daga bakin ɗakin har gangaren makaranta, mutum bayan mutum, Hausawa da Larabawa da mutanen yamma da na kudu, kowa ya saki abin da yake yi ya fuskanci bango, yana tsaye cikin ruwa. Babu wanda ya tambayi dalili.

Tafiyar da ba ta fi ta shan kofin shayi ba ta ci mana daga la'asar har rana ta yi ja. Ruwa yana tura ƙofar kamar yana so ya ƙwace, ƙarfen yana yanka mini yatsu, Malam Sani yana nishi yana cewa a Maraɗi ƙofofinsu na kara ne. A bayanmu ba ma jin komai sai motsin ƙafarta a ruwa da muryar Batul, "A hankali, Hajja, akwai rami." Idan ta tsaya mu tsaya. Ban juya ba ko sau ɗaya.

A makaranta aka ba ta lungun wani aji. Muka ɗaure ƙofar a jikin ginshiƙi da igiya, aka kewaye sauran da tanti, aka shimfiɗa tabarmarta a ƙasa. Ɗakin nata bai faɗi a ranar ba. Washegari da hantsi, da rana ta fara dukansa, ya zauna gaba ɗaya. Da muka je kwashe katako, a ƙarƙashin babbar azara muka tarar da turmin, ya rabe biyu.

Aiki bai ƙare ba. Mun yi makonni muna yashe magudana, muna binne dabbobin da suka kumbura, muna tare amalanken jaki masu sayar da ruwa don Sista ta jefa ƙwayar tsarkakewa a ganga. Sauro ya zo, zazzaɓi ya biyo shi, ni ma sai da ya kwantar da ni kwana uku. Tun daga washegarin ranar Sista ta canza doka: kowace ƙofa murya biyu za ta ji, ta namiji da ta mace, kuma a duba kwaɗo kafin a taɓa fenti. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta kuma buƙata. Duk lokacin da aiki ya bi da ni ta gaban ajin nan, ina ganin jan zobena a kan shuɗiyar ƙofa, sai in rage murya in wuce.

Ranar da kwanakinta suka cika, mata suka raka ta bakin kogi da sassafe kamar yadda aka saba, ta dawo da tob mai launi. Da hantsi Batul ta zo ta ce Hajja na kirana. Na je da kwalbar kananzir da tsumma, da niyyar goge fentin. Na tarar da ƙaramar tsohuwa mai tsagar Hausawa a kumatu, tana zaune a kan angarib tana shan jabana, gahawar mutanen nan.

Ta ce, "Kai ne mai muryar?"

Na durƙusa. "Ni ne, Inna. Ki yafe mini."

"Zauna, ɗana. Na ji ka ai. Wa zai ƙi jin ka? A na farko na ce wannan fasinja yake nema." Matan da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi ta dole. "A na biyu na ce ruwa ya kai inda ya kai. A na uku na ce Haruna zai yafe mini kalma ɗaya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ji buroshi a jikin ƙofa, na ji tafiyarka."

Duk kwanakin nan ina ganin kuskurena shi ne ban gane sandunan makoki ba. Ashe da na tsaya gwargwadon numfashi uku, da ta amsa.

Na ɗauko tsumma na nufi ƙofar. Ta ce, "Bar shi."

"Inna, ai ƙarya na rubuta."

"Shi ya sa. Idan an sake gina mini ɗaki za a mayar da ita yadda take. Kana wucewa ta layin nan, ko ba ka wucewa?"

An sake gina ɗakin, an mayar da ƙofar. Hajja Kaltume ta yi shekara shida a bayanta kafin ranarta ta zo, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki angarib ɗin. Malam Sani ya koma Maraɗi, na ji yana koyarwa. Sista Amna tana wata ƙasa wurin 'ya'yanta, kamar mutane da yawa da wahalar shekarun nan ta watsa.

Yanzu ni ke jan rukunin unguwarmu. Muna da riguna masu ƙyalli, kowa da waya a aljihu, kafin ruwa ya sauka an riga an aiko mana saƙo. Gidaje da yawa kuma babu kowa a cikinsu da gaske, har da kwaɗon an fasa, don haka ba a gane komai daga waje. Yau da safe, bayan ruwan jiya, muka fita layukan kwari. A kowace ƙofa in kira, Hajara da ke rukuninmu ta kira, sannan in ɗaga hannu kowa ya tsaya cak. A ƙofa ta goma wani abokin aikinmu, direban raksha, keken nan mai ƙafa uku, mai gaggawa irin tawa ta da, ya gaji ya ce, "Ammu Yakubu, Baffa, layi takwas ke gabanmu fa. Ko muryar ce ta ƙare?"

Na ce masa muryar tana nan, ya tambayi tashar Suk al-Shabi. Na ɗora yatsa a leɓena alamar ya yi shiru, na kara kunnena a jikin ƙofar.